Frankie Dettori, mutumin da ya yi suna a kan dokin aro

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar muna zaune a majalisarmu ta nan bayan kasuwar Wunti, sai ƙanina ya miƙo waya wai mu ga ikon Allah. Bidiyo ne na wani ɗan tsurut ɗin Bature, an gama sukuwa an jawo dokinsa cikin taro, kawai sai ya zare ƙafa daga likkafa ya daka tsalle sama hannuwa a buɗe ya dira ƙasa, jama'a na ta ihu kamar an zura ƙwallo a minti na ƙarshe. Wayar ta zaga har ta kai hannun Bappana, wanda ya fi shekara talatin yana hidimar dawaki kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya kalla sau biyu, ya ɗago kai yace, dokin nasa ne? Nace a'a Bappa. Yace to na ubansa ne? Nace a'a, na wani Balarabe ne mai kuɗi. Sai ya miƙo wayar yace to murnar me yake yi?

Kowa ya yi dariya, amma ni tambayar ta bini har gida, don wallahi ita ce gaba ɗaya maganar. Mutumin nan sunansa Frankie Dettori, kuma in za a lissafa mahayan sukuwa na duniya a shekaru arba'in ɗin nan da suka wuce da wuya a ambaci mutum biyu ba a sa shi ba. Har gunkinsa aka kafa a filin sukuwar Ascot a Ingila yana da ransa. Amma duk manyan dawakan da suka ɗaga shi babu nasa ko ɗaya a ciki. To ta yaya ɗan haya zai fi mai kaya suna?

Sai an fara gane yadda harkar take a can tukun, don ba irin tamu bace sak. Mu nan doki na sarauta ne da ado, hawan sallah, jafi a ƙofar fada, kilisa da yamma, angwanci, sukuwa kuma takan zo ne a matsayin ƙari. Su kuwa sukuwar ita ce sana'ar, kuma mutum uku ne ke riƙe da ita. Akwai mai doki, wanda ya zuba kuɗi ya saya ko ya kiwata, shi ke biyan ci da sha da magani, shi ake miƙa wa kofi. Akwai mai horarwa, shi ke da barga, dawakan mutane daban-daban ne a turke a wajensa, shi ya san wanne ya ci abinci jiya wanne ya ƙi, wanne ke son ƙasa mai laushi wanne ke son busasshiya, kuma shi ke cewa wane za a ɗora a kai. Sai na ukun, mahayi, wanda sau da yawa minti biyu zuwa uku ne kacal aikinsa a idon jama'a. Ko rigar da ke jikinsa ba tasa bace, launin mai dokin ne, in ya sauka ya hau na wani sai ya canza riga. A Ingila ana biyansa kuɗin hawa a kan kowane doki, abun da bai kai fam 200 ba, in ya ci kuma a bashi wani kaso na kyautar da bai kai goma cikin ɗari ba. In bai ci ba shikenan, kuɗin hawan ne kawai, a ciki zai sallami dillalin da ke nemo masa hawa da mai kula masa da sirdi da takalma, ya sha mai zuwa wani garin gobe. Shi yasa yawancinsu ba wasu masu kuɗi bane, 'yan ƙalilan na saman ne ke kwasa.

Dettori ɗan Italiya ne, an haife shi a Milan ranar 15 ga Disamba 1970, sunansa na yanka Lanfranco. Ubansa Gianfranco shima mahayi ne, ya sha zama zakaran Italiya, uwarsa kuma 'yar wasan nuna bajinta ce irin masu tsalle-tsalle da wasa da jiki a cikin tanti. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma in ka kalli tsallen nan nasa za ka ce ya ɗebo ta ɓangare biyu ne, duk da shi da bakinsa yace wajen wani mahayi na Amurka mai suna Angel Cordero ya kwaikwayo. Yana ɗan shekara 14 uban ya tattara shi ya tura Ingila, garin Newmarket, wajen wani mai horarwa ɗan ƙasarsu Luca Cumani. Newmarket ɗin nan gari ne da dawaki dubbai ke cikinsa, har hanyarsu daban gare su a gefen titi. Yaro ya je ba Turanci, ga sanyi, aikinsa kwasar kashin doki da share barga da asuba, wato dai almajirci ne sak, sai dai allonsa sirdi ne. A nan Lanfranco ya yi wa Turawa nauyi a baki ya koma Frankie. A 1987 ya ci sukuwarsa ta farko a Ingila, a filin Goodwood, a 1989 ya zama zakaran 'yan koyo, a 1990 kuma ya ci sukuwa sama da 100 a kaka ɗaya bai cika shekara 20 ba, abun da tun zamanin Lester Piggott, shahararren mahayin Ingila, ba wani yaro da ya yi.

Yanzu bari in tsaya a kan abun da mutane basu gani, wato yunwa. Ni a ganina wannan sana'ar rabinta hawa ne rabinta azumin dole. Kowace sukuwa akwai nauyin da aka ƙayyade doki zai ɗauka, mahayi da sirdinsa da komai, kafin a fita sai ya hau sikeli rungume da sirdin, in an dawo ya sake hawa. In bai kai nauyin ba babu matsala, sai a zura masa dalma a aljihun shimfiɗar sirdi a cike. In ya wuce fa, nan ne tashin hankali, don mai horarwa ba zai yarda dokinsa ya ɗauki ƙarin kilo ɗaya a banza ba alhali ga wasu yara goma a waje suna jiran a kira su. Mutum irin Dettori dole ya riƙe jikinsa wajen kilo 55, buhun siminti ɗaya da ɗan ɗori kenan, ba na wata ɗaya ba, na shekara talatin da wani abu. Ka duba magidanci mai 'ya'ya biyar, yana da kuɗin da zai sayi duk abun da ransa ke so, har gidajen abinci ya buɗe da sunansa, amma shi tuwo ya fi ƙarfinsa. Su kan shiga ɗakin tururi su zauna gumi na zuba har sai kilo ya sauka, su ƙi shan ruwa, kuma shi kansa ya fito fili ya faɗa cewa ya sha magungunan sa fitsari da na gudawa, har ya kai ga in ya ci abinci sai ya je ya amayar. Wannan ba sabon abu bane a wajensu. Fred Archer, wanda ya zama zakaran Ingila sau 13 a jere a ƙarni na 19, dogo ne, ya yi ta azabtar da jikinsa don ya rage nauyi har zazzaɓi ya kwantar da shi, a cikin wannan halin ya harbe kansa a 1886 yana da shekara 29 kacal.

Kuma da wannan jikin da ba abinci ne za a ɗora ka a kan dabba mai kusan kilo 500 tana gudun kilomita 60 a awa, a tsakiyar wasu goma sha ko ashirin, kofato na tashi ta ko ina. Zaman ma ba irin namu bane. Mu sirdinmu kujera ce, gaba da baya a tokare, ƙafa a miƙe cikin likkafa mai faɗi, mutum ya hakimce da rawani. Nasu sirdin bai fi tafin hannu biyu ba, likkafa a ɗage can sama, mahayi baya ma zama, a tsugune yake a kan yatsun ƙafa gwiwa kusa da haɓa, don nauyinsa ya bar bayan dokin ya sake. Wani Ba'amurke Tod Sloan ne ya kai musu wannan salon Ingila a ƙarshen shekarun 1890, suka yi ta masa dariya suna cewa zaman biri, da suka ga yana cinye su kowa ya ɗage likkafarsa. Bulala ma a ƙirge take, yanzu a Ingila in ka wuce shida a irin wannan sukuwar sai a dakatar da kai. Na gaya wa Bappa haka yace to ai gara, doki mai zuciya ba a dukansa, magana ake masa da gwiwa.

To menene gwanintar in dai doki ne ke gudun? Ni yadda na fahimta, agogo ne a cikin kai. Doki yana da wani ƙarfi na ƙarshe da sau ɗaya yake bayarwa, in ka buɗe shi da wuri ya ƙare kafin layi a wuce ka, in ka makara kuma ka iso da sauran ƙarfi a jikinsa amma an riga an gama. Sai sanin inda za ka ratsa, don in aka rufe ka a jikin shinge ko da aljani kake hawa babu inda za ka. Mahayi ba zai mayar da jaki ingarma ba, amma tsaf zai iya kayar da ingarma a hannun jaki. Shi yasa masu kuɗi ke rububin mutum ɗaya.

Babban mai kuɗin da ya ɗauki Dettori shine Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, mai mulkin Dubai na yanzu, wanda ya kafa bargar Godolphin masu shuɗiyar riga. Kafin nan saura ƙiris yaron ya ɓata rawarsa da tsalle, don a 1993 'yan sanda sun kama shi da 'yar hodar iblis a Landan suka ja masa kunne, kwantiragin da ya samu a Hong Kong ya wargaje. Wani mai horarwa John Gosden ne ya jawo shi jiki, ku riƙe sunan nan don zai dawo. A 1994 ya ci sukuwa 233 ya zama zakaran Ingila, ya maimaita a 1995, ya sake a 2004.

Amma ranar da ta mayar da shi abun da ya zama ita ce Asabar 28 ga Satumba 1996 a Ascot. Sukuwa bakwai aka tsara ranar, kuma ba ƙaramar rana bace, manyan dawaki da manyan mahaya duk suna nan. Ya ci ta farko a kan Wall Street. Ya ci ta biyu da ƙyar a kan Diffident. Ta uku ita ce babbar ta ranar, ya ci a kan Mark of Esteem. Ta huɗu, ta biyar, ta shida, duk shi. A nan fa dole in taɓo maganar caca duk da mun san hukuncinta a addininmu kuma Allah ya tsare mu da zuri'armu, don in ba a faɗe ta ba ba za a gane me yasa ƙasa guda ta rikice ba. Sukuwar Ingila a kan caca take tsaye. Akwai talakawa da yawa da ke da al'adar zuba 'yan canjinsu a kan duk dokin da Dettori zai hau a rana, a sarƙe, in na farko ya ci kuɗin ya hau kan na biyu, haka haka. Irin wannan kusan kullum asara ce, shi yasa kamfanonin ke son ta. Ranar nan kuwa kuɗi ya yi ta ninkuwa har ya zama dutse, duka ya taru a kan doki na bakwai, Fujiyama Crest, wanda da safe ba wanda ya ɗauka zai yi wani abu, ga shi an ɗora masa nauyi mafi yawa a cikinsu, sama da kilo 63, ga tafiyar doguwa ce mil biyu. Dettori ya fita gaba da wuri ya riƙe, a ƙarshe Pat Eddery, tsohon zakara, ya taso masa kamar zai haɗiye shi, aka tsallake layi da tazarar wuyan doki. Bakwai cikin bakwai. An lissafa cewa wanda ya sa fam ɗaya a sarƙe zai kwashi sama da fam 25,000, wani kafinta ya tashi da fiye da rabin miliyan, kamfanonin caca suka yi asarar miliyoyin fam a yini ɗaya, wasu ƙananan ma suka durƙushe. Rana dubu ta ɓarawo.

Kaga daga ranar ya daina zama mahayi kawai. Wanda bai taɓa zuwa filin sukuwa ba ya san Frankie, ya shiga shirye-shiryen talabijin, ana tallan kaya da fuskarsa. Kuma a nan nake ganin amsar tambayar Bappa take. Sauran mahaya mutane ne masu ɗaure fuska, yunwa ta hana su fara'a, Piggott ma da ƙyar ake jin maganarsa. Shi kuwa wannan ya gane cewa doki na mai doki ne, kofi na mai doki ne, riga ma ta mai doki ce, abu ɗaya da ba wanda zai karɓe masa shine abun da jama'a za su tuna in sun koma gida. Sai ya basu tsalle, ya basu dariya da surutu da sumbatar kyamara. Tsallen nan da Bappa ya raina shine hatiminsa. Yau ka tambayi mutum waye mai Fujiyama Crest ba zai sani ba. Abun da ya burge ni kuma, da dokin ya tsufa Dettori ya nemo shi ya kai gidansa ya ci gaba da ciyar da shi har ya mutu. Kusan shine dokin da za a ce nasa ne, shima sai bayan ya daina gudu.

Wannan ya tuna min wani abu da na gani da idona ina saurayi, wata sukuwa da aka yi bayan sallah a bayan gari. Wani yaro siriri baƙi, bai fi shekara goma sha uku ba, ba takalmi ba hular kwano, aka ɗaga shi aka ɗora a kan wani akawal na wani Alhaji. Yaron nan ya kwanta a wuyan dokin kamar an liƙa shi, ya zo na ɗaya da tazara mai yawa, ƙura ta turnuƙe. Kafin ya sauka maroƙa sun riga sun kewaye Alhaji, ana kirari ana liƙi, dokin ma an rufe shi da mutane kowa na shafawa. Yaron ya zame ta gefe, na ganshi tsugune a gindin wata bishiya yana duba cinyarsa da ta saluɓe, wani ya miƙa masa lemon kwalba da 'yan canji a dunƙule. Har yau in an tuna ranar cewa ake dokin Alhaji ya ci. Sunan yaron ban taɓa ji ba, kuma nima ban tambaya ba, wannan kam laifina ne. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Mu koma Ingila. Ranar 1 ga Yuni 2000 Dettori da abokin aikinsa Ray Cochrane suka hau wani ƙaramin jirgi daga Newmarket za su Goodwood, yana tashi ya rikito. Cochrane ne ya jawo Dettori daga cikin tarkacen, ƙafa a karye fuska duk jini, ya koma zai ciro matuƙin wuta ta hana shi, matuƙin ya rasu a wurin. Daga baya Cochrane ɗin ya bar hawa ya zama dillalinsa. Amma ga inda sana'ar take nuna halinta. A lokacin Godolphin na da wani doki Dubai Millennium, wanda Dettori ya ci babban kofin Dubai a kansa a watan Maris na shekarar, kuma ya sha cewa bai taɓa hawa kamarsa ba. Makonni kaɗan bayan haɗarin lokacin babban taron Ascot ya zo, ba a ce a jira Frankie ya warke ba, aka ɗauko Jerry Bailey daga Amurka aka ɗora, doki ya ci abunsa, Dettori na kallo da sandar guragu.

Akwai kuma sukuwar da ta daɗe tana masa gardama, Derby ta Epsom, wadda ake yi tun 1780. Dawaki 'yan shekara uku kaɗai ke shiga, wato kowane doki sau ɗaya yake da dama a rayuwarsa, tafiyar wajen mita 2,400 ce da hawa da gangara da kwana. Piggott ya ci ta sau 9. Dettori ya shiga sau 14 yana dawowa hannu rabbana, har abun ya zama abun tsokana, sai a karo na 15 a 2007 ya ci a kan Authorized, wanda ma ba dokin Godolphin bane, aron sa aka yi.

Shekara 18 ya yi da shuɗiyar riga, sannan abun ya fara tsami. Godolphin suka kawo yara sabbin jini, Mickael Barzalona da Silvestre de Sousa, aka fara raba hawa, mutumin da ya saba shi ke zaɓar doki ya koma jiran abun da aka bar masa. A Oktoban 2012 ya je ya hau Camelot a babbar sukuwar Faransa mai suna Arc, dokin bargar Coolmore ta Ailan, manyan kishiyoyin Sheikh. Kamar dai a ce bafaden wani sarki ya fito hawan sallah a zugar wani sarkin. A watan aka sanar an rabu. Ana cikin haka kuma sai ga sakamakon gwajin da aka masa a Faransa a watan Satumba, an samu hodar iblis a jikinsa, aka dakatar da shi wata shida. Bai yi musu ba, ya amsa laifinsa. Da ya dawo a 2013 sai ya tarar waya ta yi shiru. Mutumin da ya taɓa cin 233 a shekara, a wannan shekarar ko 20 bai kai ba a Ingila. Ya samu wani ɗan sarautar Katar ya ɗauke shi, ga wata goɗiya Treve da zai hau a babbar sukuwar Faransa, ana saura kwanaki ya faɗo daga kan wani doki ya karya idon sawu, aka ɗora wani, Treve ta ci. Gwanintar tana nan ba inda ta je, dokin ne babu, kuma mahayin da ba doki ɗan kallo ne kamar ni da kai.

Abun dariya, Godolphin ɗin ne suka sake buɗe masa ƙofa ba da niyya ba. Sun ɗauke William Buick, mahayin John Gosden, sai gurbi ya samu, Gosden ya kira tsohon yaronsa. A 2015 yana da shekara 44, lokacin da sa'o'insa ke ajiye sirdi, ya ci Derby a kan Golden Horn, ya je Faransa ya ci Arc a kansa. Sai ga Enable, goɗiyar Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, ya ci Arc da ita a 2017 da 2018, ya zama ya ci wannan kofin sau 6, ba mahayin da ya kai haka. A 2019 suka nemi na uku a jere, ana dab da layi wani doki Waldgeist ya wuce su, ranar kam ba tsalle. Ga kuma Stradivarius da ya ci kofin zinare na Ascot da shi sau uku a jere daga 2018 zuwa 2020. Ni in aka tambaye ni, wannan zangon na biyu ya fi bakwai ɗin nan na 1996 nauyi, don na farko akwai ƙuruciya da sa'a a ciki, na biyun kuwa mutum ne da aka riga aka yi masa sallar gawa ya tashi ya karkaɗe riga. Duk da haka a 2022 da ya yi wasu kurakurai a Ascot, Gosden ɗin nan dai ya fito gaban 'yan jarida ya soki hawansa, har suka ɗan rabu na wasu makonni. Shekara 51, kofuna ba adadi, amma har yanzu yaron gida ne da maigida zai iya yi wa faɗa a bainar jama'a.

Ya sanar zai yi ritaya a ƙarshen 2023, aka yi ta masa bankwana gari-gari, ranar 21 ga Oktoba ya hau na ƙarshe a Ascot ya ci babbar sukuwar ranar a kan King of Steel, kamar an rubuta a fim. Sai dai 'yan kwanaki kafin ranar ya riga yace ai shi ba dainawa zai yi ba, Amurka zai koma, ya tattara ya tafi Kalifoniya. Mutane suka yi ta gunaguni wai ya ci kuɗin bankwana ya ƙi tafiya. A watan Maris 2025 sai ga labari ya fito cewa ya ayyana kansa a matsayin wanda ya karye, bayan doguwar rigima da hukumar harajin Birtaniya, shi dai yace masu bashi shawara a harkar kuɗi ne suka kai shi suka baro. Kuma ba shine farko ba, Lester Piggott ɗin da ake kwatanta shi da shi tun yana yaro, a 1987 kotu ta ɗaure shi shekara uku kan haraji, ya yi shekara ɗaya a gidan yari, aka karɓe lambar girmamawar da Sarauniya ta bashi, ya fito ya koma kan doki ya ci wata babbar sukuwa a Amurka a 1990 yana da shekara 54. Mutanen nan sun iya lissafin taku ɗaya na doki a cikin ƙura amma takardar haraji ta gagare su.

Mu ma fa ba baƙin harkar bane, Turawan mulki sun bar filayen sukuwa a manyan garuruwanmu, filin da aka yi bikin 'yancin kai a Legas a 1960 ma filin sukuwa ne kafin a sa masa sunan namu na Bauchi, Tafawa Balewa. Dawakin suna nan, yaran da ke iya kwanciya a wuyansu suna nan, masu kuɗin ma suna nan. Sikeli ne babu, da hular kwano, da littafin da za a rubuta wane ne ya hau.

Jiya na koma wajen Bappa da bidiyon bakwai ɗin nan na Ascot, na zauna na fassara masa tun daga na farko. Bai ce komai ba har aka zo na ƙarshe, sai ya matso da wayar kusa da ido yace in mayar baya kaɗan. Na mayar. Yace kalli hannunsa, bai ja linzami ba bai kuma sake ba, dokin ya gaji tun can amma bai bari ya sani ba. Ya ɗan yi shiru, sannan yace yaron nan na Alhaji da kake magana, ai a tashar Muda Lawal yake yanzu, lodin doya yake yi, ya yi ƙiba.